Ka ga fure ya burge ka baka san sunansa ba? Ga yadda zaka gano shi ka dasa a gida

Tambayar nan ta yi yawa har na ga gara in zauna in amsa ta sau ɗaya. Mutum zai turo min hoto, wani jan fure ko ruwan ɗorawa da aka ɗauko daga nesa, yace dan Allah meye sunan wannan kuma ya zan yi ya kama min a gida. Wani ma ya riga ya karyo reshen ya soka a ƙasa, sai da ya bushe ƙayau sannan ya zo yana tambaya. Ni dai amsata ɗaya ce kullum, a fara da suna. Sunan ne zai gaya maka ko shukar tana da guba, ko rana take so ko inuwa, ko reshenta ake kafawa ko irinta ake shukawa, da girman da zata yi nan da shekara 3 ko 4. Shi yasa rabin bayanin nan duk akan gano suna ne, dashen sai daga baya.

Maganar da nake yi akan ƙananan itatuwan fure ne, waɗanda jikinsu na itace ne amma basa zama bishiya, rassa da yawa ke tasowa tun daga gindi.

Kayan da zaka tanada

Waya mai kyamara, ɗan littafi da biro, rula, safar hannu ta roba, sabuwar reza ko almakashin yankan reshe, farar leda, tsohuwar jarida, yashi mai tsakuwa-tsakuwa, takin da ya ruɓe sosai, da robobin da zaka huda gindinsu. Kusan duk kana da su a gida. Abu ɗaya da nake ganin ya cancanci ka kashe masa kuɗi shine almakashin, domin wuƙa mara kaifi tana murƙushe reshe ne, kuma reshen da aka murƙushe ruɓewa yake kafin ya yi saiwa. Hodar fitar da saiwa da ake sayarwa tana taimakawa amma ba dole bace, zamu zo wurin.

1. Ja da baya ka kalli shukar gaba ɗaya

Kafin ka matsa kusa da furen tsaya daga nesa tukuna. Tsayinta ya kai ina, gwiwa, ƙirji, ko ta wuce kanka? A tsaye take da ƙafarta ko jingina take da katanga tana hawa? Akwai ƙaya? A rana tsaka take ko ƙarƙashin wata bishiya? Ƙasar wurin a jiƙe take ko busasshiya? Ka rubuta duka har da kwanan wata. Mutane suna raina wannan matakin, alhali wurin da ka ganta tana cikin ƙoshin lafiya shi ne ya riga ya gaya maka irin wurin da zaka nema mata a gidanka.

2. Ganye

A nan aikin yake, ganye ya fi fure faɗin gaskiya. Launin fure yana canzawa, shuka ɗaya zaka samu mai ja da mai fari da mai ruwan hoda, amma tsarin ganye baya canzawa.

Ka kama reshe ɗaya ka duba gaɓa, wato daidai inda ganye ke fitowa. Ganye nawa ne a gaɓa ɗaya? In ɗaya ne, wannan a dama na gaba a hagu, haka Hibiscus da Bougainvillea suke. In biyu ne suna fuskantar juna, haka Ixora da Lantana suke. In uku ne ko huɗu sun zagaye reshen, to ka fara tunanin Nerium oleander ko Allamanda. Wannan kallon na sakan 10 kaɗai ya zubar maka da rabin sunayen da zaka yi ta zato.

Sai ka duba ko ganyen guda ne ko mai 'ya'ya, irin wanda ƙananan ganye ke jere akan tsinke ɗaya. Wannan yana rikita mutane sosai, suna ɗaukar tsinken a matsayin reshe. Dabarar itace ka nemi ɗan idon toho. A hammatar ganye na gaskiya, inda ya haɗu da reshe, akwai ɗan ido. A gindin ƙananan ganyen babu. Inda ka ga idon, daga nan ganye ya fara.

Bayan haka bakin ganyen, sumul yake ko yana da haƙora kamar zarto. Ka shafa shi, santsi ko kaushi, ka juya bayansa, ka aza rula ka auna tsawo da faɗi. Ka ɗan murza guda ɗaya ka sansana daga nesa-nesa, Lantana misali ganyenta kaushi gare shi kuma yana da wani wari mai ƙarfi da in ka ji sau ɗaya baka mantawa, reshenta ma in ka murza shi tsakanin yatsu zaka ji yana da kusurwa huɗu.

Gargaɗi: safar hannu a hannunka kafin ka tsinki komai, kuma kada ka kai ganye ko ɗan itacen da baka sani ba baki wai don ka ɗanɗana. Ko kaɗan.

3. Fure

Ka ƙirga kunnuwan furen, huɗu ne ko biyar, a rabe suke ko sun haɗe sun yi kamar mazurari. Ɗai-ɗai suke fitowa ko dunƙule. Me ke tsakiya. Hibiscus rosa-sinensis tana da wani dogon tsinke da ya zaro daga tsakiyar furen da garin fure a jikinsa, in ka taɓa lura da furen auduga zaka ga kamannin domin dangi ɗaya ne, kuma furenta kwana ɗaya ko biyu yake yi ya faɗi. Ixora kuma ƙananan furanni ne cunkushe a dunƙule, kowanne da siririn dogon wuya da kunnuwa huɗu. Caesalpinia pulcherrima zaka ganta da jajayen zaruruwa dogaye sun fito waje kamar gashin baki, ga ganye mai ƙananan 'ya'ya, ga kwanso irin na dangin wake.

Bougainvillea ita ce mai yaudara. Abin nan mai launi da kowa ke kira fure ganye ne da ya rikiɗa, shi yasa yake kamar takarda a hannu. Furen gaske yana ciki, ɗan ƙarami fari-fari, yawanci guda uku. Ka leƙa ciki ka gani da idonka.

4. Ruwan jikinta da 'ya'yanta

Ka tsinke ganye ɗaya daga gindinsa ka jira kaɗan ka kalli wurin. In farin ruwa kamar nono ya ɓullo irin na tumfafiya, to ka shiga taitayinka. Tumfafiya da kariya da Allamanda da Plumeria da Nerium da Cascabela duk dangi ɗaya ne da ake kira Apocynaceae, kuma da yawa cikinsu guba ne da gaske. Ba kowane mai guba ke fitar da farin ruwa ba, ruwan wasu garai-garai yake mai ɗan danƙo, don haka rashin nono ba shaidar lafiya bane.

Bari in tsaya a nan in ba da misalin da ya sa nake nacewa, domin ni ya faru da ni. Akwai shuke-shuke uku masu furen ruwan ɗorawa mai siffar kakaki, daga nesa kamar abu ɗaya. Tecoma stans ganyenta mai 'ya'ya ne masu haƙora, bata da nono, tana yin siririn dogon kwanso. Allamanda cathartica ganyenta mai sheƙi ne uku ko huɗu a gaɓa, tana da nono. Cascabela thevetia ganyenta sirara ne dogaye kamar an yanka da reza, tana da nono sosai, tana yin wani ɗa kore mai kusurwa da yake baƙi in ya nuna. Wani ya bani ƙaramar shuka a leda yace Tecoma ce, na karɓa ban duba ba, na dasa dab da ƙofa. Ta kama ta yi kyau. Wata rana na fito na tarar da ƙaramin yaro a tsugune ya tsinko koren ɗan yana buga shi da dutse zai fasa, hannunsa duk farin ruwa. Na ɗauke shi na wanke masa hannu da sabulu, na zauna na duba ganyen da kyau a karon farko, ashe Cascabela ce, wadda ƙwallon cikinta yana da gubar da ke taɓa bugun zuciya kuma yana iya kisa. A ranar na tumɓuke ta, har yanzu in na tuna sautin dutsen nan gabana faɗuwa yake.

Don haka ka nemi 'ya'ya, a jikin shukar ko a ƙasa ƙarƙashinta. Kwanso ne, ƙwallo ne, mai ƙaya ne, wane launi.

5. Hoton da zai yi amfani

Hoto ɗaya baya isa. Ka ɗauki aƙalla biyar: shukar gaba ɗaya, reshe da ake ganin yadda ganye suka jeru, ganye ɗaya gaba da baya, fure ta gaba da ta gefe, sai 'ya'ya ko ɓawon jikinta. Da safe ko da yamma ya fi, rana tsaka tana wanke launi. In kyamara ta ƙi kama furen tana kama abin da ke bayansa, sa farar takarda a baya, ka ajiye biro ko rula a gefe don a san girma.

In da hali ka yanki ɗan reshe mai ganye da fure ka shimfiɗa tsakanin jarida, ka danne da littattafai masu nauyi, kana canza jaridar duk kwana biyu har ya bushe. Wannan zaka iya kai wa masani ya riƙe a hannu.

6. Nemo sunan, sannan ka tabbatar

Akwai manhajojin waya na kyauta. Pl@ntNet wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka haɗa tana tambayarka hoton ganye ne ko fure ko ɗa ko ɓawo, kana iya saka hotuna da yawa lokaci ɗaya, sai ta jero maka sunaye kowanne da kaso cikin ɗari. iNaturalist kuma bayan hasashen na'ura mutane ne ke dubawa su gyara ko su amince, sai dai an fi yin ta don tsirran daji, in shukar gida ce ka nuna cewa dasa ta akayi. Google Lens yana da sauri amma launi yake bi sosai, shi ne zai fi saurin haɗa maka waɗancan ukun masu ruwan ɗorawa.

Kuskuren da kusan kowa keyi shine ya ɗauki suna na farko ya rufe waya. A'a, ka ɗauki uku na sama, ka buɗe littafinka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Manhaja tace Tecoma, to Tecoma ganye mai 'ya'ya ne, naka fa? In abu ɗaya ya saɓa, musamman jerin ganye ko nono, sunan bai zauna ba komai yawan kason da aka bashi.

Sunan kimiyya zaka riƙe, mai kalma biyu, tsarin da ya kafu tun littafin masanin tsirrai Linnaeus na 1753. Kalmar farko ta gida ce ta biyu ta ita shukar. Sunan da mutane ke kira yana da daɗi amma suna ɗaya sai ya hau kan shuka uku, kuma wuri da wuri ya bambanta. Da sunan kimiyyar ka shiga shafin intanet na Plants of the World Online na lambun Kew da ke Landan, zai nuna maka sunan da aka amince da shi yanzu da tsofaffin sunaye da ƙasashen asalinta. Kada ka rikice in ka ga suna biyu, misali Cascabela thevetia ita ce dai Thevetia peruviana ta tsofaffin littattafai. In har yanzu kana kokwanto kai busasshen reshen nan sashen nazarin tsirrai na jami'a ko wurin malaman gona ko tsohon mai renon fulawa. In sunan gidan kawai ka samu, wato kalmar farko, sau da yawa ya isa ka san yadda zaka kula da ita.

7. Tambayoyi uku kafin ka kai ta gida

Tana da guba? Nerium oleander komai nata guba ne, ganye, fure, itace, ko bushewa ta yi, kuma ba a ƙona ta ana shaƙar hayaƙin. Duranta erecta mai furen shuɗi-shuɗi tana yin 'ya'ya ruwan lemo masu jan idon yara, su ma ba na ci bane. In akwai yara ƙanana ko dabbobi a gidan ni shawarata a haƙura, furanni marasa haɗari suna da yawa. In kuma wani ya riga ya ci, asibiti kai tsaye tare da reshen shukar, ba a jira a ga alama.

Tana mamaye wuri? Lantana camara daga tsakiya da kudancin Amurka ta fito, an yaɗa ta duniya saboda kyau, yanzu tana cikin jerin ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, na baƙin halittu 100 mafi ɓarna. Tsuntsaye ke cin 'ya'yan su kai irin daji, ta rufe makiyaya, ganyenta kuma yana lalata hantar shanu da tumaki. Wasu ƙasashen sun hana dasa ta ma.

Zata jure yanayin inda kake? Waɗannan da na lissafa yawanci na ƙasashen zafi ne, sanyin da ruwa ke daskarewa yana ƙona su. Mai zama a irin wannan wuri a tukunya zai dasa don ya shigar da ita ciki lokacin sanyi.

8. Yanko reshe

Ka nemi izinin mai ita tukuna, yawanci da murna ake bayarwa. Kuma kada ka ɗauko reshe ko iri daga wata ƙasa a jaka, akwai dokar lafiyar tsirrai a iyakoki, da haka cututtuka ke yawo.

Da sassafe ake yanka lokacin da reshe ke cike da ruwa. Ka goge almakashi da sifirit. Reshen da kake nema ba ɗanyen toho mai laushi ba, ba kuma tsohon da ya yi ɓawo mai kauri ba, na tsakiya, wanda in ka lanƙwasa zai ɗan yi gardama. Tsawon santimita 10 zuwa 15, da gaɓa uku ko huɗu, mara fure mara ƙwari. Bougainvillea ta fi son wanda ya ɗan ƙara tsufa, kaurin fensir. Ka yanko kamar guda 8 ko 10 domin ba duka zasu kama ba, ko a hannun gwani. Ka naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ka sa a leda, kada su kwana.

Gargaɗi: ka san sama da ƙasa. Reshen da aka kafa a kife baya yi. Ni gindin nake yankewa a karkace saman kuma a miƙe, tun a wurin, don kada in rikice in na dawo.

9. Kafawa

Ƙasar reno daban take da ƙasar lambu. Yashi kashi biyu, ruɓaɓɓen taki mai laushi kashi ɗaya, ko ma yashi zalla. Babu takin zamani, babu ɗanyen kashin dabba, reshen da bashi da saiwa ba abin da zai ci, ƙona shi kawai zasu yi. Robar a huda ta sosai a gindi.

Ka sake yanke gindin dab da ƙarƙashin gaɓa domin nan saiwa ta fi fitowa. Ka cire ganyen ƙasa duka ka bar biyu ko uku a sama, in manya ne ka rage rabin kowanne da almakashi, in akwai fure ko ƙunshin fure ka cire duk da zaka ji ba daɗi. In kana da hodar saiwa, wadda sinadarin cikinta yawanci IBA ne, ka zuba kaɗan a murfi ka dangwala gindin ka kakkaɓe, yawanta illa ne. Hibiscus da Lantana da Nerium basa buƙatarta, Bougainvillea da Ixora ne take yi wa rana. Ka huda rami da tsinke ka saka reshen, kada ka tura shi da ƙarfi, gaɓa ɗaya ko biyu su shige ƙasa, ka danna gefe, ka ba da ruwa har ya fito ta gindi.

Sai ka kifa farar leda a kai da 'yan sanduna don kada ta taɓa ganye, ka ajiye a inuwa mai haske. Rana in ta bugi ledar nan dafa su zata yi cikin awa ɗaya. Duk kwana biyu ka buɗe su sha iska, ka tura yatsa, in da laima kada ka ƙara ruwa. Yawan ruwa ya fi ƙishi kashe reshe, zaka ga gindin ya yi baƙi ya yi laushi, wanda ya yi haka ka zare ka yar.

Masu kaurin jiki da nono irin Plumeria tsarinsu daban. Reshe mai tsawon santimita 30 ko fi, a ajiye shi a inuwa sati ɗaya zuwa biyu bakin yankan ya bushe, sannan a kafa a yashi, babu leda, ruwa kaɗan-kaɗan.

Hibiscus tana yin saiwa cikin sati 4 zuwa 6, Bougainvillea tana iya kai wata biyu ko uku. Kuma dan Allah a daina zaro reshe ana leƙawa. Sabon ganye a satin farko ba shaida bane, abincin da ke jikin reshen ne yake ci. Bayan wata ɗaya ka ɗan ja a hankali, in ka ji ya riƙe to ya yi. Daga nan ka riƙa buɗe ledar kaɗan-kaɗan cikin sati guda, sannan ranar safe, sannan cikakkiyar rana.

10. In reshe ya ƙi

Akwai hanyar sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa, ita ce nake bi wa masu taurin kai. Ka zaɓi reshe kaurin yatsa, ka zagaye ɓawon da reza wuri biyu tazarar santimita 2 zuwa 3, ka ɓare zoben, ka kankare santsin da ke kan itacen sosai in ba haka ba ɓawon zai sake haɗewa. Ka dunƙula jiƙaƙƙen ruɓaɓɓen taki ko garin ɓawon kwakwa a wurin, ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa. Bayan sati 6 zuwa 10 zaka hango fararen saiwoyi ta cikin ledar, sai ka yanke daga ƙasa ka dasa a tukunya a inuwa.

Iri kuma ya fi dacewa da irin su Tecoma da Caesalpinia. Na Caesalpinia ɓawonsa tauri gare shi, ka ɗan goga gefensa a dutse ka jiƙa kwana ɗaya. Amma ka sani furen da aka yi wa aure, irin manyan Hibiscus masu ninki, in ka shuka irinsa ba lallai ya fito kamar uwar ba, reshe ne ke ba ka ita sak.

11. Wuri da rami

Yawancin masu fure suna son rana ta awa 6 ko fi. Ka tsaya ka lura da wurin yini guda kafin ka haƙa. Ka ba ta fili gwargwadon girman da zata yi, ba girman da take yanzu ba, mai ƙaya kuma nesa da hanyar wucewa.

Gwada magudanar ƙasar: rami mai zurfin santimita 30, ka cika da ruwa ya tsotse, ka sake cikawa. In washegari ruwa na nan kwance, ka tada kunya ka dasa a sama ko ka koma tukunya. Ramin dashe faɗinsa ninki biyu na ƙasar da ke jikin saiwar, zurfinsa daidai da ita, kada wuyan shukar ya nutse. Da yamma ake dashe. Ka yanka ledar ko robar ta gefe maimakon ka fizgo, musamman Bougainvillea da saiwarta ke da rauni, in ƙasar ta warwatse tana iya yin wata guda tana jinya ko ta mutu. Ka mayar da ƙasa haɗe da ɗan ruɓaɓɓen taki, ka yi mata ɗan kwano, ka ba ta ruwa sosai, ka rufe da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 amma ka bar tazara kada ta taɓa gindin, saboda ruɓa da gara.

Gargaɗi: Ixora bata shiri da ƙasa mai farar ƙasa, kuma siminti yana sakin irin wannan a gefen gini. In ka dasa ta jikin katanga ko inda aka zubar da ɓaraguzai, sabbin ganye zasu fito rawaya jijiyoyinsu kore, alamar ta kasa jan sinadarin ƙarfe kenan. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗaya, wannan yunwar taki ce ko yawan ruwa.

12. Ruwa, taki, aski

Sati biyu na farko kullum ko bayan kwana ɗaya, gwargwadon zafi. Bayan nan ka rage yawan zuwa ka ƙara yawan ruwan, ya ratsa ƙasa sosai sannan a bari saman ya sha iska. Yayyafin kullum a sama-sama saiwa yake hanawa nitsewa. Ta tukunya ta fi saurin bushewa, yatsa ne ma'auninka.

Takin zamani sai ta yi sabon toho, kamar bayan wata ɗaya da rabi. Irin NPK 15-15-15 ƙaramin cokali ɗaya ya ishi ƙaramar shuka, a zagaye nesa da gindi akan jiƙaƙƙiyar ƙasa a bi da ruwa.

Tana ƙarama ka riƙa tsinke kan toho, haka zata yi rassa ta cika. Babban aski kuma bayan ta gama fure ake yi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a yanka dab da saman gaɓa. Mai aske shuka duk sati don ta yi siffar akwati shi ke yanke furen da bai fito ba.

13. Ta yi ganye ta ƙi fure, ko ƙwari sun sauka

Wannan ita ce tambaya ta biyu da ta fi yawa. Ka duba abu huɗu bi da bi: rana ta isa, takin bai yi yawa ba musamman yuriya, ruwa bai yi yawa ba, kuma ba a yi mata askin da ya saɓa ƙa'ida ba. Bougainvillea in ana lallaɓa ta da ruwa da taki ganye kawai zata yi ta yi, ka janye ruwan har ganyen ya fara ɗan sunkuyawa sannan ka ba ta, cikin 'yan makonni zaka ga launi. Wadda aka shuka daga iri kuma wataƙila lokacinta ne bai yi ba.

Ƙwari kuwa ka riƙa juya bayan ganye da kan toho sau ɗaya a sati. Farin abu kamar auduga a hammatar ganye, ko ƙananan ƙwari cunkushe da danƙo a ganye, ko baƙin abu kamar kunkunniya, ga tururuwa na hawa da sauka, duk labari ɗaya ne, masu tsotson ruwa ne, Hibiscus suka fi so. Reshen da ya cika da su a yanke a ɗaure a leda a zubar. Sauran a wanke da ruwa mai ƙarfi, sannan ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara ƙarfi a lita ɗaya, in da man darbejiya a ƙara kaɗan a girgiza. Ka fara gwadawa a ganye biyu ka jira kwana ɗaya, in basu ƙone ba ka fesa duka har bayan ganye, da yamma, ka maimaita bayan kwana 5 zuwa 7 har sau uku domin ƙwan da suka rage suna ƙyanƙyashewa.